Bayan Kabad

Ƙarfe shida a Greenock, duhu bai ɗaga ba,
taga ta riga ni kuka.
Gilashi na zufa cikin sanyi,
ɗigo na bin ɗigo,
su taru a gindin katako
kamar masu jiran motar farko.

Shekara talatin da ɗaya ina walda a bakin Clyde,
ina ɗinke ƙarfe da wuta, ina hana teku shiga jirgi.
Yau ga ni da tsumma a hannu,
ruwan da ya fito daga bakina ya gagare ni.

Haka yaron hukumar gidaje ya ce,
Struan wane, mai na'ura a aljihu:
"Mista Rennie, rufinka lafiya lau.
Numfashinka ne. Butar shayinka ce.
Rigunan da kake shanyawa a kan hita ne.
Buɗe taga, kunna ɗumi."
Na ce, ɗana, ka ga mitar can?
Cinta ya fi nawa.
In na buɗe, titi nake ɗumamawa,
in na rufe, bango ya fara tsiro.
Gaba kura, baya sayaki.
Ya bar mini takarda.
Ita ma kafin Lahadi ta yi laushi.

A zamanin Ishbel ban san gidan nan na zufa ba.
Nakan tashi in tarar da gilashi garau,
in ɗauka haka Allah ya yi shi.

Kirsteen, jikata, ta kwana biyu a nan.
Ta zana kifi da yatsa a jikin taga,
kifin ya yi hawaye, ya narke.
Da dare na ji ƙirjinta na fito,
siriri, kamar iska a ƙofar da ba ta rufu ba.
Da safe uwarta ta shaƙi ɗakin sau ɗaya,
ta naɗe kayan yarinya, ba ta ce uffan ba.
Da ma zagina ta yi.

Sai na sa kafaɗa na ture kabad.

Ashe fumfuna ta kafa gari a baya,
baƙa a ƙasa, toka-toka a sama, koriya a lungu,
unguwa-unguwa, har da hanyoyi.
Rigar sanyin Ishbel ta zuwa coci,
wadda na kasa bayarwa,
ta yi furfurar da mai ita ba ta jira ta yi ba.

Na kawo ruwan kal, na ɗaure hanci,
na goga, na matse, na sake gogawa.
Can ƙasa, inda baƙin ya fara saki,
sai ga rubutun fensir, ƙanana, a jere:
Nuwamba. Nuwamba. Janairu, da Maris kuma.
Kowanne da shekararsa a gefe.
Hannunta ne.
Na san bakwai ɗinta mai ɗamara a tsakiya.

Wato duk sanyin duniya,
ina can ina fesa wuta a cikin jirgi,
ita tana nan a durƙushe
tana nata yaƙin da ruwa.
Ta ture wannan ƙaton ita kaɗai,
ta mayar da shi kafin in dawo,
ta ɗora buta,
in shigo in ce mata na gaji.

Yanzu na bar tafin hannu tsakanin kabad da bango,
shi ma bango numfashi yake so.
Tukunya ba ta tafasa babu murfi.
Da safe nakan sa hula, in buɗe taga minti goma,
Clyde ta leƙo, mita na ci, ina harararta.

Ban ce na yi nasara ba.
Jiya ta sake ɓullowa a kusurwar banɗaki,
ɗigo uku, kamar kashin ƙuda.
Amma na nemo fensir.
Ƙarƙashin layinta na ƙarshe,
da hannun tsohon mai walda da ya fara rawa,
na rubuta Disamba.

Kirsteen za ta zo ran Asabar, in ji uwarta,
in ɗakin ya daina wari.